Mai gitar Kiss: fuskar Ace ce, amma ba shi ba ne?

Sadiƙ_Gita: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kalli wasan bankwana na Kiss, ƙungiyar mawaƙan rock ta Amurka, wanda suka yi a zauren Madison Square Garden da ke New York ranar 2 ga Disamba 2023. Ga mai gita da fentin azurfa zagaye da idanunsa, ina ta murna Ace Frehley ne, mai gitarsu na asali. Sai ƙanena ya ce min ai Tommy Thayer ne. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Yaushe aka fara bai wa wani fuskar wani?

Malam_Bala: Wa alaikumus salam Sadiƙ. Su huɗu suka kafa ƙungiyar a New York a 1973, kowa da nasa fentin fuska: Paul Stanley mai tauraro a ido, Gene Simmons mai siffar aljani, wanda ke hura wuta yana amayar da jinin wasa, Ace ɗan sama-jannati, sai Peter Criss makaɗin ganga mai fuskar kyanwa. Da Peter ya tafi a 1980 ba a taɓa kyanwarsa ba. Eric Carr da ya gaje shi, fuskar yanyawa aka zana masa. Vinnie Vincent da ya shigo bayan Ace a 1982, shi ma tasa daban, wata alamar Masar ta dā ce a goshinsa. A 1983 suka wanke fentin gaba ɗaya a tashar MTV, har 1996 da tsofaffin huɗun suka sake haɗuwa. Abin da ka gani ya samo asali ne a 2001, da makaɗin ganga Eric Singer ya sa kyanwar Peter, Thayer kuma ya biyo baya da fuskar Ace.

Hajiya_Ummi: Malam Bala, ka tsallake Bruce Kulick! Shekara 12 yana riƙe da gita ba fenti ba komai, kuma a kunnena hannunsa ya fi na kowa tsabta. Shi da Eric Carr su suka riƙe gidan lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Carr ya rasu da ciwon daji ranar 24 ga Nuwamba 1991, rana ɗaya da Freddie Mercury, shahararren mawaƙin ƙungiyar Queen, shi ya sa labarin ya nutse. Har yau ina jin ciwon yadda Rock and Roll Hall of Fame, cibiyar girmama gwanayen kiɗan rock, ta karrama huɗun farko kaɗai a 2014. Amma Sadiƙ, kada ka ga laifin Thayer. Ya fi shekara 20 yana aikin nan da gaskiya.

Sadiƙ_Gita: Na gode Malam, na gode Hajiya. Ban ga laifinsa ba, kiɗansa ya yi min daɗi. Sai dai tunda an iya zana wa Carr yanyawa, me ya hana a zana wa Thayer tasa? Ace da hannunsa ya tsara wannan azurfar. Hajiya, wane faifai na zamanin Kulick zan fara nema?