Wane burodi ya fi dacewa a saya, fari ko mai ruwan ƙasa?

Uwargida, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum. Don Allah masana a taimaka. Shagunan garin nan cike suke da burodi iri-iri, wani fari, wani ruwan ƙasa da aka rubuta na alkama ne, kuma ya fi tsada. Gidan da ke da mai hawan jini da mai ciwon suga, ga yara 'yan makaranta, wanne ya kamata a ɗauka? Sannan bromet ɗin da ake ta magana, ana gane shi da ido?

Mai Gidan Burodi, Tudun Wada:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki fara cire launi daga lissafi. Ƙonannen sukari kaɗan a cikin kwaɓi ya isa ya mai da farar fulawa ruwan ƙasa. Kuma wanda ya rubuta "na alkama" bai yi ƙarya ba, domin farar fulawar ma daga alkama take.

Bambancin yana wurin niƙa. Ƙwayar alkama kashi uku ce: dusar da ke bayanta, ɗan tsiron da ke gindinta, da farin garin ciki. Farar fulawa garin ciki ne kawai, an tankaɗe sauran. Abin da kike nema shi ne wanda aka niƙa gaba ɗaya.

Ki juya ledar ki duba jerin kayan haɗi. Ƙa'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan na farko "whole wheat flour" ne ko "wholemeal", to madalla. Idan kuwa "wheat flour" ne a gaba, sai can ƙarshe kika ga "bran" (dusa) ko "caramel" (ƙonannen sukari), farin burodi ne aka yi wa kwalliya. Ki kuma ɗaga guda biyu masu girma ɗaya ki ji. Na gaske ya fi nauyi, bai cika tashi ba, saboda dusa tana yanke danƙon kwaɓi, kuma za ki ga ɗigo-ɗigonta har tsakiyar yanka, ba a saman kaɗai ba.

Bromet kuwa sinadari ne da ke ƙara wa kwaɓi ƙarfi, burodi ya kumbura sosai da fulawa kaɗan, shi ya sa marasa tsoron Allah ke sa shi. NAFDAC ta haramta shi, domin yana cutar da ƙoda kuma ana zarginsa da jawo ciwon daji. Amma ido ba ya gane shi. Masu cewa a matse burodi a hannu, in ya koma ɗan dunƙule to akwai bromet, hasashe suke yi: sinadarin bitamin C da doka ta yarda da shi ma yana sa burodi ya tashi ya yi laushi. Sai an kai ɗakin gwaji. Abin da ke hannunki shi ne lambar rajistar NAFDAC, cikakken adireshin gidan burodin, da kwanan watan da aka yi shi da na lalacewarsa. Ledar da babu waɗannan, ki ajiye musu abinsu.

Malamar Abinci, Malali:

Malam ya gama magana kan fulawa. Ni gishiri ya fi damuna, don shi ne ba a jin sa, zaƙi ya rufe shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato kusan cokalin shayi ɗaya, har da na miya da na dunƙulen ɗanɗano. A leda sodiyam ake rubutawa, wato sinadarin da ke cikin gishiri, sai ki ninka shi sau biyu da rabi ki samu yawan gishirin. Miligiram 400 na sodiyam a giram 100 na burodi daidai yake da giram 1 na gishiri. Yanka huɗu masu kauri sun kai giram 150, kin ga giram ɗaya da rabi ya tafi tun kafin a sa bota ko kifin gwangwani. Ga mai hawan jini, ki ɗauki wanda sodiyam ɗinsa bai wuce 400 ba, kuma ki kwatanta da layin giram 100, ba layin yanka ɗaya ba, tunda kowane kamfani da kaurin yankansa.

Sukari: giram 4 cokalin shayi ɗaya ne. Wanda bai wuce giram 5 a cikin 100 ba shi ne mai sauƙi. Faiba, wato amfanin dusar nan, giram 6 a cikin 100 zuwa sama shi ne mai yawa. Idan kika ga "partially hydrogenated" a wurin mai, ki bar shi, irin kitsen da ke toshe jijiyoyin jini ne.

Sai dai a yi hattara da mai ciwon suga. Burodin alkama ba magani ba ne. Kusan rabin nauyinsa sitaci ne kamar farin, kuma idan niƙan ya yi laushi sosai, yana ɗaga suga kusan yadda farin ke yi. Yanka biyu da ƙwai, ko alale, ko wake, ya fi yanka biyar da shayi mai kauri. A auna suga awa biyu bayan ci, na'urar za ta faɗi gaskiya.

Uwargida, Unguwar Rimi:

Na gode, Allah ya saka. To na kantin unguwa fa, wanda babu wannan lissafin a jikinsa?

Ɗan Kawo:

Hajiya, a nan sai hanci da harshe. Zaƙin da ke barin ɗaci-ɗaci a maƙogwaro kamar an lashi ƙarfe alamar sakarin ce, wanda wasu ke sa wa don sukari ya yi tsada. Ki canza gida.

Ki duba cikin ledar ko akwai gumi. Idan an ɗaure burodi da zafinsa, tururin ya koma ruwa, da damina kwana biyu sun isa ya yi fumfuna. In ta fito ko a yanka ɗaya ne, a zubar da duka, saiwarta ta riga ta ratsa ciki inda ba a gani. Akwai kuma wata lalacewar da ba a cika sani ba: tsakiyar burodin ya yi danƙo, in an gutsura yana yauƙi, yana warin 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce. Ƙwayar cuta ce da zafin gashi ba ya kashe ta, zafi da laima kuma suna tayar da ita. Shi ma ba a ci.

Na alkama gaba ɗaya ya fi saurin canza wari saboda man da ke cikin tsiron, don haka ki sayi ƙarami, na kwana biyu zuwa uku. Kada ki sa a firji, busar da shi yake yi ya yi tauri. In akwai tsayayyar wuta, ki yanka shi, ki raba a leda daidai cin rana ɗaya, ki sa a firiza, da safe a ɗumama a kasko ba tare da mai ba.