Wa ya taɓa canza bututun birkin tsohuwar jif da hannunsa a gida?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jif ɗina ƙirar 1997 ce, mai jan taya huɗu. Shekaranjiya da safe na taka birki a bakin get, sai na ji ƙafata tana tafiya ƙasa a hankali har ta kusa kaiwa ƙarshe. Da na leƙa ƙarƙashi na tarar da man birki yana ɗiga a jikin shasi, dab da tankin mai. Bututun ƙarfen da ke zuwa tayoyin baya ne tsatsa ta cinye, daidai inda kilif ya riƙe shi. Ina son in yi aikin da kaina. Duk wanda ya taɓa yi, don Allah ya ba mu labarin yadda ta kaya, musamman inda ya sha wuya.

Mai jif ta 1993:
Wa alaikumus salam. Ka gode wa Allah da ya fashe maka a bakin get. Nawa a gangare ya yi, da iyali a ciki, birkin hannu da ƙaramar giya suka tsayar da mu. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wata biyu kafin nan na canza bututu ɗaya na bar sauran, don a ido lafiyarsu ƙalau. Ashe rana ɗaya aka sa su, laka ɗaya suka sha. Lakar da ke maƙalewa a bayan kilif da saman tanki ba ta bushewa da wuri, nan tsatsa take kwana tana aikinta. Kuma idan mutum ya danne birki da ƙarfi, matsin da ke cikin bututun yana iya wuce bar 100 a ma'aunin matsi. Ƙarfen da ya sirance ba zai ɗauka ba.

Ka bi kowane bututu da burushin waya tun daga masta, wato famfon birki da feda ke turawa, har taya. Wanda ya fito da santsi ka bar shi, wanda ka ga 'yan ramuka a jikinsa ya gama yayi. Sannan ka yi ƙoƙari ka cire tsohon ba tare da ka miƙe shi ba, don da shi za ka kwaikwayi lanƙwasar sabon.

Mai gyaran gida:
Ɗan'uwa, ni dai abin da na koya shi ne duk aikin nan a bakin bututu yake. Sauran wahala ce kawai ta kwanciya a ƙasa.

Na fara da bututun ƙarfe irin na asali, ya gagare ni lanƙwasawa, ƙaramin injin buɗa baki da nake da shi ma sai zamewa yake. Na koma na jan ƙarfe mai gamin nikel, wanda ake kira kunifa, kashi 90 jan ƙarfe, kashi 10 nikel. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, Volvo ma tun 1976 ta fara sa shi a motocinta. Amma kar a sayar maka da zallan jan ƙarfe a ce shi ne. Zallan yana taurara da jijjigar mota har ya tsage, wasu ƙasashen ma ba su yarda a sa shi a birki ba. Kaurin da aka fi amfani da shi shi ne 3/16 na inci, wato milimita 4.75.

Bakin kuma iri biyu ne. Motocin Japan da na Amurka na da galibi baki mai ninki biyu suke amfani da shi, wanda ya buɗe kamar mazurari. Na Turai yawanci mai kumburi ne, kamar kan ƙusa. Noti ɗin yana iya zama girma ɗaya, M10, a duka biyun, ya shiga ya ɗauru har ka ɗauka an gama, amma mai zai riƙa tsattsafowa. Don haka ka dubi bakin tsohon da ka cire, da kuma cikin ramin da zai zauna. Na ɓata kusan mita guda ina gwaji a kan guntaye kafin hannuna ya faɗa. Ka yanka da abin yankan bututu, ba zarto ba, ka kankare ƙaiƙayin ciki, ka ɗiga man birki kaɗan a kan abin matsewa. Bakin da ya karkace ko ya nuna tsaga, ko da kamar gashi ce, yanke shi ka sake.

Wani ɗan'uwa:
Ka zura noti a jikin bututu kafin ka buɗa bakin, kuma ka tabbata ya fuskanci inda ya dace. Na manta a kan bututun da na auna cif-cif, da na yanke bakin sai ya gaza tsawo. Tun daga ranar nake barin rarar yatsa biyu.

Mai fikof:
Nawa yaƙin da tsofaffin noti aka yi. Na sa sifana mai buɗaɗɗen baki, nan take ta cinye kan noti ya zama zagaye. Akwai sifana ta musamman mai ɗan yanka a gefe, tana kama kusan duk kusurwoyin. A tawa lamba 10 ce, a wasu 11. Bayan na saye ta, na kwana biyu ina fesa man sassauta tsatsa safe da yamma. Wanda ya ƙi duk da haka, tunda bututun jefarwa za a yi, sai na datse shi dab da noti na sa soket mai kusurwa shida. Wani ya ce in gasa da wuta, na ƙi, ga tanki a gefe ga tiyon roba.

Tsohon bakanike:
'Ya'yana, kun yi bayani mai kyau. Zan ƙara abin da idona ya gani. An taɓa kawo mini mota, mai ita ya haɗa bututu biyu da guntun tiyo da kilif. Wani kuma da irin mahaɗin da masu aikin famfo suke sawa. Duka biyun suna riƙewa a tsaye, sai ranar da aka taka birkin gaggawa su tsinke. In dole sai an yi haɗi, a yi da mahaɗin birki, a buɗa baki ta kowane ɓangare.

Kar ku shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai yana riƙe da ita. A sa ƙafafun ƙarfe, a tare tayoyi. Kafin ku kwance komai, ku danna fedar birki kaɗan ku tokare ta da sanda, man da ke cikin kofin masta ba zai tsiyaye ba. Ku cire kan batir don fitilar birki za ta kwana a kunne. Ku mayar da kowane kilif, kar sabon bututu ya goga da shasi ko ya kusanci salansa. Tiyon da ke sauka daga shasi zuwa aksil shi ma ku dube shi, in ya tsattsage ku canza shi a tafiya ɗaya.

'Yar'uwa mai jif:
Baba ya faɗi gaskiya. Ni da ƙanena muka yi tawa, shi yana ƙasa ni ina kan feda. Wajen fitar da iskar da ta shiga bututun, mun bi tayoyin daga mafi nisa da masta zuwa mafi kusa, har sau uku, amma fedar ta ƙi tauri. Mun kusa sayen sabuwar masta. Sai muka lura da wani bawul a shasi ta baya, mai sanda da ta haɗu da aksil, wanda ke daidaita birkin baya gwargwadon lodi. Ashe shi ma yana da nasa wurin fitar da iska. Muna buɗewa kumfa ya yi ta fitowa, fedar ta tsaya cak.

Mun sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kar ta kai ƙasa, saboda a tsohuwar masta roba tana iya yagewa idan ta shiga wurin da ba ta saba zuwa ba. Mai kuwa DOT 4 muka sa daga sabuwar kwalba, tunda yana shan danshi idan ya daɗe a buɗe. Kar ka kuskura ka gauraya da DOT 5, na silikon ne. In ya zuba a fenti ka wanke da ruwa nan take.

Mai tambaya:
Allah ya saka muku da alheri. Na bi bututun da burushi kamar yadda aka ce, uku cikin biyar sun fito da ramuka, na canza dukkansu da tiyon baya. Sai da na sauke tanki kafin na kai ga na saman, wanda ya fi kowanne ruɓewa. Tawa ma tana da bawul ɗin nan, Hajiya, na gode. Da na gama na danne feda da dukkan ƙarfina na minti ɗaya, ba ta motsa ba, na bi kowane noti da busasshen tsumma. Ɗaya na gaba ya nuna danshi, na ƙara masa ɗauri kaɗan bai daina ba, sai na yanke bakin na sake. Yanzu na shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, da safe zan duba kafin in fita da ita.