Ta yaya zan kwantar wa Hajiyarmu da hankali?

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah ina neman shawara a kan mahaifiyarmu.

Ranar da ƙanena zai je Zariya tantance masu shiga soja, Hajiya ta tsayar da shi ya sha koko da ƙosai, ta ce ba zai fita da yunwa ba. Kafin ya isa tasha motar farko ta cika ta tashi. Ta biyun kuma ta lalace a Kwanar Dangora, sai da rana ta take suka samu wata. Ya tarar an rufe ƙofa.

Yanzu yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, yana samun na abinci, har ya fara maganar aure. Shi ya haƙura. Ita ce dai ta kasa: da an ambaci soja sai hawaye, tana cewa da ba ta tsayar da shi ba.

Na karanta mata hadisin Muslim, cewa "da na yi kaza" tana buɗe aikin Shaiɗan. Sai ta ce ai Annabi (SAW) ya ce a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, ita ta kwance shi. Nan na rasa amsa.

Malamai, ina iyakar riƙon sababi (wato mutum ya yi nasa ƙoƙarin) da ƙaddara? Me zan gaya mata?