Katin "taro" da ƙanwata ta shigo da shi gida, wa ya san kansa?

Maman_Ilham (Garwa):
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah tambaya gare ni kuma kar a min dariya. Ƙanwata da ke karatu a Ngaundare ta zo gida kwana biyu, jiya ina gyara ɗaki na ɗaga katifa sai ga wani ɗan kwali, na zaci karta ce irin wadda samari ke bugawa a gindin darbejiya, da na buɗe sai na ga ba ita ba ce, waɗannan sun fi tsayi kuma hotuna ne a jiki masu tayar da tsigar jiki. Akwai ƙwarangwal riƙe da ƙaton lauje yana yanka, ga kawunan mutane a ƙasa, lamba 13 kawai aka sa masa ba suna. Akwai wani an rataye shi da ƙafa ɗaya kansa a ƙasa amma fuskarsa ko a jikinsa. Akwai dogon gini da wuta ta faɗo masa daga sama mutum biyu na faɗowa. Sai na wata, karnuka biyu na masa haushi, ga wata halitta kaman ƙaguwa a cikin ruwa. Na zauna na ƙirga, 78 ne cif.

Da na ritsa ta sai ta ce wai sunansa taro (na ce taron me? ta ce ba taron biki ba Yaya), ƙawarta ce ta ba ta, wai ilimin mutanen Masar ne na zamanin Fir'auna, kuma daren 31 ga Oktoba akwai wani biki Sawin da ake kunna kyandir a zari kati uku a ga abin da mutum zai bari a tsohuwar shekara. A TikTok suka gani. Ni dai ban faɗa wa Baba ba tukuna don na san halinsa. Mene ne asalin abin nan, kuma me ya haɗa kati da biki?

Malam_Istwar (Marwa):
Wa alaikumus salam Maman Ilham. Tarihi nake koyarwa a lise, wato makarantar sakandare, bari in faɗa miki abin da na sani. Maganar Fir'auna dai ki ajiye ta gefe, babu ita. Katin nan an fara yin sa a arewacin Italiya wajen 1440, a garuruwa irin su Milan da Ferrara, kuma na wasa ne zalla, manyan gidajen sarauta ke sa masu zane su yi musu har da ruwan zinari. Shekara fiye da 300 ana buga shi kaman yadda ake buga karta, ba wanda ya ce yana gaya wa mutum gobensa.

Abin dariyar shine akwai Masar a cikin labarin amma ba ta Fir'auna ba. Ita karta gaba ɗaya ta shiga Turai ne wajen shekarun 1370 daga Masar ta zamanin sarakunan Mamluk, wato Musulmi, kuma gidajenta huɗu ne: kofi, takobi, tsabar kuɗi da sandar wasan ƙwallon doki. In kin duba kwalin ƙanwarki za ki ga guda 56 duk waɗannan gidajen ne, kowane gida 14, daga 1 zuwa 10 sai sarki, sarauniya, barde da yaron sarki. Sandar ce kawai Turawa suka mayar kulki don ba su san wasan ba. Sauran 22 ɗin, waɗanda suka tsorata ki, su ne Italiyawa suka ƙara.

Wanda ya kawo zancen Masar ta dā wani Bafaranshe ne, Court de Gébelin, a 1781. Ya ga ana wasan sai ya ce ai wannan littafin asirin limaman Masar ne. To a lokacin ba mai iya karanta rubutun tsoffin Misrawa ma, sai 1822 Champollion ya warware shi, kin ga daga ka ya faɗi abinsa. Bayansa wani mai suna Etteilla ya mayar da abin sana'ar duba, daga baya Éliphas Lévi ya zo ya ce katuna 22 sun yi daidai da haruffan Ibrananci 22, haka kowa ya dinga ɗora nasa jifa a kan ginin. Samfurin katin da aka fi gani a waya yanzu mai launi rawaya-rawaya an buga shi a Landan a 1909, wata mata Pamela Colman Smith ce ta zana. Na ƙanwarki kuwa tunda kin ce 13 ba shi da suna, samfurin Marsey ne na Faransawa.

Hotunan kansu abubuwan da ɗan Italiya na wancan zamani ke gani kullum ne a bangon coci da fada: Paparoma, sarki, adalci riƙe da sikeli, mutuwa, ranar tashin ƙiyama, da wani gargare da ke juyawa wani na hawa wani na sauka, mu da mun ce duniya rawar 'yan mata ce na gaba ya koma baya. Shi wanda aka rataye da ƙafa ɗaya, haka ake zana maciya amana a Italiya don a kunyata su. Masu duba na yanzu sun ce wai alamar haƙuri ce da kallon abu ta wata fuska. Kin ji yadda ma'ana ke canza riga.

AbuHafsat_Kusiri:
'Yar'uwa tarihin da Malam ya kawo ya yi, Allah ya ƙara sani, amma hukuncin a bayyane yake. Ko da kati, ko da wuri, ko bugun ƙasa, duk duba ne. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana 40. Ki yi mata nasiha a hankali, kar ki tona ta gaban mutane, yarinta ce da waya.

Zara_Liyon:
Anti ni 'yar Njamena ce amma shekara shida ke nan ina Liyon a Faransa, bari in ba ki ɓangaren bikin don ina da abokiyar aiki da ke yin sa. Su suna kiran kansu masu bin addinin gargajiyar Turai, kaman a ce Maguzawansu amma na zamani masu digiri. Sun raba shekara gida takwas kaman ƙafar keke. Huɗu sun bi rana: wajen 21 ga Disamba dare mafi tsawo, shine Yul, 21 ga Yuni yini mafi tsawo, sai Maris da Satumba lokacin da dare da rana ke daidai. Sauran huɗun daga tsoffin mutanen Ailan da Sikotlan aka ɗauko, Imbolk farkon Fabrairu, Beltan 1 ga Mayu, Lunasa 1 ga Agusta, sai Sawin ƙarshen Oktoba wanda a rubuce Samhain ne, kar ki tambaye ni yadda aka yi ya zama Sawin.

Waɗannan huɗun na makiyaya ne da manoma sosai. A Beltan ana hura wuta biyu a kora shanu ta tsakani don neman tsari kafin a kai su kiwo, a Sawin a dawo da su gida a yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa ba har sanyi ya wuce. Amma haɗa takwas ɗin wuri ɗaya sabon abu ne, a shekarun 1950 aka yi a Ingila, su Gerald Gardner da Ross Nichols, wasu sunayen ma kaman Mabon sai a shekarun 1970 wani Ba'amurke ya raɗa. Kenan kakata ta girmi kalandar.

Gaskiya sai da na zauna a nan na gane me ya sa abin ke taɓa su. A Disamba ƙarfe biyar na yamma ta yi duhu ya rufe, ki fita aiki cikin duhu ki dawo cikin duhu, bishiyoyi tsirara ba ganye ko ɗaya, shekarata ta farko kuka nake yi ba dalili wlh. Mutumin da ke rayuwa haka dole ranar da yini ya fara ƙaruwa ta zame masa abin murna. Shi ya sa suke haɗa katin mutuwa da Sawin, komai na mutuwa a waje, kuma 1 ga Nuwamba hutu ne a Faransa mutane na kai furanni maƙabarta. Katin rana su ba shi Yuni, sarauniyar nan da ke zaune ga alkama a gabanta su ba ta lokacin da ƙasa ke tsiro. Ba a tsohon littafi aka samo haɗin ba, kowace na yin nata, na ga mutum biyu sun yi musu a kan wane kati ne na Fabrairu.

Kuma fa har gobe tsofaffin Faransawa na buga taro a matsayin wasa, mutum huɗu a tebur, suna da ƙungiya ta ƙasa da gasa. Maƙwabcina in ka ce masa duba ne sai ya yi maka kallon mahaukaci.

Dan_Karal:
Hhhh Zara kin gama magana. Ni abin da ya ban dariya shine yarinya a Garwa ta zauna tana bikin shigowar duhu. Wane duhu? Mu nan tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta bai fi awa ɗaya da 'yan mintuna ba, in ba mai kula da lokacin sallar asuba ba wa ma ya lura. Mu ruwa ne ke raba mana shekara ba rana ba. Ku ɗora kalandarsu a kan tamu ku gani: 1 ga Mayu suna rawa da furanni, mu muna cikin bazara zafi ya haura 40 ana kwana a tsakar gida ana kallon gabas ko hadari zai haɗu. 1 ga Agusta suna bikin sabon hatsi, mu lokacin marka ce rumbu ya yi ƙasa hatsi ya yi tsada a kasuwa, ba wata da talaka ke jin jiki kamarsa. Fabrairu su suna jiran ƙanƙara ta narke, mu cikin ƙurar hunturu muna yankan masakwa, dawar ranin nan da 'yan Chadi ke ce wa berbere, a karal wato ƙasar laka mai riƙe ruwa, girbi na biyu wanda ko gurbinsa babu a tasu ƙafar keken. Ko 'yan'uwansu na Ostareliya sai da suka juya kalandar da wata shida don ta dace da su.

Wuri ɗaya ne na ga mun haɗu, ƙarshen Oktoba. Nan ma kaka ce, an yanke dawa an tone gyaɗa, Fulani na shirin gangarawa da shanu yayre, wato fadamar da ruwa ke janyewa ya bar ciyawa. In bikin kaka take so ai ba sai ta je Ailan ba, mu muna da kalankuwa tun kakanni, Tupurawa na da bikin zakara na sabuwar shekararsu, Mafa a duwatsun Mokolo na da nasu bikin bijimi da suke cewa maray. Ban ce a je a yi ba fa kar Malam AbuHafsat ya taso min, cewa na yi wanda bai san na ƙofar gidansu ba ya tafi aron na wasu.

Direba_Mokolo:
Ni katin watan nan mai ƙaguwa ne ya tsaya min a rai. Lokacin da turawa 'yan yawon buɗe ido ke zuwa sosai na sha kai su Rumsiki wurin tsohon nan mai duba da ƙaguwa. Tukunya ce da yashi da ruwa, ya kakkafa 'yan itatuwa da sakaina kowanne da abin da yake nufi, ya ɗauko ƙaguwar ya yi mata magana ya tofa mata yawu ya saka ya rufe, bayan ɗan lokaci ya buɗe ya karanta abin da ta ture. Wata baturiya da na kai ta fito tana ta mamaki, a mota sai ga ta ta zaro irin katin nan daga jaka wai za ta gwada ko amsar za ta zo ɗaya. Na ce Madam ta zo ɗaya? Ta ce ƙaguwa ta ce tafiya, kati ya ce canji. Na ce ai ni ma da kin tambaye ni da na faɗa miki haka kyauta, tunda jibi jirginki zai tashi.

Ummi_237:
Ni dai a yi wa yarinyar adalci. Da yawa masu abin nan ba gaibu suke nema ba, hoton suke kallo su yi tunani a kan rayuwarsu, kaman a ce mutum ya ga ginin da ke rushewa ya tambayi kansa me na gina a kan ƙarya. Su kansu suna cewa katin mutuwa ba mutuwa yake nufi ba, ƙarshen wani abu ne. Ƙila damuwa ce ke damunta ba ta da wanda za ta faɗa wa, Anti ki fara tambayarta wannan kafin zancen kati.

AbuHafsat_Kusiri:
Ummi tambayar da kika ce a yi mata na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Amma in tunani ne kawai me ya sa sai an cakuɗa an rufe an zara? Da sai ta baje su a fili ta zaɓi wanda take so ta yi tunaninta. Zarar nan a rufe ita ce matsalar, don zuciya na cewa ba banza wannan ya fito min ba.

Maman_Ilham (Garwa):
Na gode ƙwarai jama'a, usoko. Daren jiya bayan isha'i na kira ta ɗaki na karanta mata abin da Malam Istwar ya rubuta, da aka zo wurin 1781 ta ce haba dai, ta ɗau waya ta duba da kanta ta yi shiru. Ummi kin yi gaskiya, ashe jarrabawa biyu ta faɗi za ta maimaita shekara kuma tsoron faɗa wa Baba take, katin da ta zara a Ngaundare ginin nan mai rushewa ne ya fito mata shine ta ƙara rikicewa ta kwana uku ba barci. Mun yi da ita gobe da safe ni zan fara shiga wurin Baba in share mata hanya. Kwalin yana cikin akwatina na kulle, ta ce na ƙawarta ne sai ta mayar mata, ni kuma ban yanke ba tukuna ko in ba ta ko in ce ya ɓata. Dan Karal ta ce in tambaye ka wai kalankuwar har yanzu ana yi, a ina?