Ƙarar inji a tsohuwar Hilux idan an tayar da ita da safe

Mai tambaya, Gombe:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar a-kori-kura ƙirar Hilux mai injin 22R, da ita nake ɗauko hatsi daga Kumo. Idan na tayar da ita da asuba sai in ji kacau-kacau daga gaban inji, bayan ɗan lokaci ƙarar ta lafa. Mene ne dalili?

Makanike, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Alamar ta fi kama da matsalar sarƙar taimin, wato sarƙar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul-bawul na inji, domin a wannan injin robar da ke riƙe sarƙar takan karye, kuma abin da ke ɗaure ta da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Ka ɗora bakin doguwar sukundireba a murfin gaban inji, ka kara kunnenka a mariƙinta don ka ji ko daga nan ƙarar take fitowa. Idan aka yi sakaci, sarƙar takan ci murfin har ruwa ya gauraya da mai.

Direba, Dukku:
Malam, a fara duba baƙin mai tukuna. Tawa motar da ta yi irin wannan ƙara, tazarar bawul ce kawai, aka saita ta inji yana da zafi.

Mai tambaya:
Na gode, gobe zan kai ta gareji.