Injiniya ya sa hannu, kyaftin ya ce ba ya tashi: maganar wa za a bi?

Ɗanlami, Jidda: Salamu alaikum. Ga gardamar da aka bari a wurin shayi bayan Isha'i ba a ƙarasa ba. Malam Isiyaku ya ce da zarar injiniya mai lasisi ya sa hannu ya saki jirgi, kyaftin ba shi da hurumin ƙin tashi, in ya ƙi ya shiga gonar da ba tasa ba. Masu sana'ar, ku warware mana.

Injiniya Sale: Wa alaikumus salam. Malam Isiyaku ya kama rabin gaskiya. Da zarar matuƙi ya rubuta matsala a littafin jirgi, wanda muke kira teklog, jirgin ya ɗauru. Hanya biyu ce kawai ta kwance shi: a gyara bisa littafin masana'anta a sa hannu da lambar izini, ko a jinkirta gyaran ƙarƙashin MEL, wato jerin kayan da aka yarda jirgi ya tashi ba sa aiki. Kyaftin ko a sama furfura ta same shi, ba ya soke rubutu ya ce shi ya duba lafiya lau. Jinkirin ma da wa'adi: rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120, ba a ƙirga ranar da aka rubuta, shi kuwa A wa'adinsa na rubuce a gabansa. Inda aka sa alamar M akwai aikin da bakanike zai yi tukuna, kamar kulle bawul ko zare fis a ɗaure masa ƙawanya, sannan a manna takarda a gaban matuƙi. Inda aka sa O, aikin na matuƙa ne.

Malam Isiyaku: To Injiniya, ai ka gama. An bi MEL, an manna takarda, an sa hannu. Saura me?

Kyaftin Bashir: Saura ɗaya rabin, Malam. Kundi na 6 na ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ya ce ba a fara tafiya sai kyaftin ya gamsu cewa jirgin lafiyarsa ƙalau, kuma dokokin GACA, hukumar jiragen sama ta nan Saudiyya, a kan haka suke. Sa hannun injiniya yana nufin jirgin ya halatta ya tashi. Bai ce dole ya yi wannan tafiyar a wannan daren ba. Ɗauki Boeing 737 da ɗaya daga na'urori biyu masu ba ɗaki iska ta mutu. MEL ta yarda, amma ba za ka wuce ƙafa 25,000 ba. Jidda zuwa Madina, ba komai. Jidda zuwa Kano a watan Agusta fa? Mai zai ƙone fiye da lissafi, ga hadarin damina tsaye a kan Chadi yana haura ƙafa 40,000, kana ƙasa-ƙasa kana ratse. Ko a kulle ɗaya daga na'urorin da ke juya ƙarfin inji don taimaka wa birki, sannan a ce ka sauka Abha, filin da ke sama da mita 2,000, titi a jiƙe. Kowanne shi kaɗai halal ne a takarda. In suka taru biyu ko uku, injiniya ba ya riƙe da taswirar yanayi, ba shi zai taka birki ba.

Injiniya Sale: Ban musa ba, Kyaftin. Kana iya ƙin jirgin da na saki. Abin da ba ka iya shi ne ɗaukar wanda na riƙe. Amma in za ka ƙi, rubuta dalili. Ƙi na fatar baki ba ya ba ni abin da zan nema.

Hajiya Rabi, ofishin tsara tashi: Ku duka kun manta da na uku, mai agogo a hannu. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, yana jigilar alhazai wa Nigeria Airways, ya tashi daga nan Jidda za shi Sakkwato. Mutum 261, babu wanda ya tsira, Allah ya jiƙansu. Taya ta 2 da ta 4 iskarsu ta gaza ƙa'ida. Bakanike ya nemi naitirojin, iskar da ake hura wa tayar jirgi, dab da tashi, ba a samu nan take ba, jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a yi jinkiri ba. Masu bincike sun kuma tarar an sauya alƙaluman awon taya a takarda, kuma ba su ga shaidar an sanar da matuƙan ba. Taya ta 1 ta ɗauki nauyin maƙwabciyarta har ta fashe a kan titi, ta 2 ta bi ta, aka naɗe ƙafafun da wuta a jiki. Wane iko kyaftin ke da shi a kan abin da ba a rubuta masa ba?

Ɗanlami: Amin. Amma Hajiya, ba kyaftin ko mataimakinsa kan zagaya jirgi kafin tashi ba? Ido ba mudu ba, ya san kima.

Injiniya Sale: A nan kam ido bai san kima ba, ƙanena. Tayoyi biyu a gatari ɗaya, mai lafiyar tana tallafe da marar lafiyar, duka su yi maka kyau. Geji ne kaɗai ke faɗa, kuma a taya mai sanyi, kamar awa uku bayan sauka. Iskar tayar jirgin A320 tana wajen psi 200 a geji. Ragin kashi 5 cikin ɗari a awa 24 ba laifi ba ne, a ƙara iska. In ta faɗi ƙasa da kashi 90, a cire ta. Ƙasa da 80 kuma ta yi tafiya a haka, a cire har da maƙwabciyarta, don ta sha wahalar da ba a gani daga waje. Zafi ma yana ruɗi: kowane digiri 3 na sauya awon da kusan kashi 1, saboda haka awon azahar a Riyad ba na asuba ba ne.

Tunda an zo maganar rubutu, Kyaftin, mutanenku ma da nasu. "Inji na biyu yana wani ƙara." A wane tsayi? A wane ƙarfi? Girgiza nawa allo ya nuna? Ga masu ajiye matsala a aljihu sai an dawo gida, don kada jirgi ya kwana a tashar da babu kayan gyara. Jirgin kamfanin Lion Air a Oktoban 2018: matuƙan tafiyar da ta gabata sun rubuta saɓanin gudu da tsayi, ba su rubuta cewa sandar tuƙi ta yi ta karkarwa ba, ko cewa sun kashe wutar na'urar daidaita wutsiya sun tuƙa da hannu. Kanikawa suka yi aiki a kan abin da suka karanta. Washegari jirgin ya faɗi, mutum 189 suka mutu.

Kyaftin Bashir: Na karɓa. Ku ma ku rage mana "an gwada a ƙasa, ba a ga komai ba". Wayar da ta saki tana yankewa ne a sanyin sama da girgiza, a ƙasa ta koma ta zauna. A kashe kwamfuta a kunna, fitila ta mutu, a sa hannu, gobe ta dawo.

Malam Isiyaku: Ni har yanzu ina ganin ƙofa ce aka bar wa kyaftin da bai so tafiya. Ya ce bai gamsu ba, wa zai auna gamsuwa?

Hajiya Rabi: Babban matuƙin kamfani zai auna, Malam, washegari a ofis, da littafin a buɗe. Ita kuma matsalar da ke dawowa, yawancin kamfanoni sun sa mata iyaka a littafinsu: ta maimaitu sau uku cikin ɗan tsakani, sai ta tashi daga hannun bakaniken da ke aikin dare ta koma sashen bin diddigi, a bi waya da soket ɗaya bayan ɗaya. Amma sai in sau ukun duk an rubuta su, da lambar babi guda ta littafin gyara. In ɗaya a baki aka faɗa wa bakanike a gindin matakala, ƙirgen ya koma biyu.