Muhawara: shin da gaske Bloom ya tabbatar malamin lesin ya fi aji nesa ba kusa ba?

Ɗan NCE: Assalamu alaikum iyayena malamai. Jiya a lakca aka ce mana Benjamin Bloom na Jami'ar Shikago ya tabbatar tun 1984 cewa yaro matsakaici, in aka ba shi malami nasa shi kaɗai, sai ya wuce 98 cikin 100 na yaran da ke karatu a aji. In haka ne, ashe zaman aji ɓata lokaci ne. Ni a ganina babu masanin da ya kai mutumin nan tasiri a harkar koyarwa, kuma ba ya magana sai da hujjar bincike.

Malamar Lissafi: Wa'alaikassalam ƙanena. Tasiri kam ba musu. Shekara goma sha tara ina rubuta tsarin darasi, kullum da "a ƙarshen darasi yara za su iya lissafawa, su bayyana, su bambance". Wani mai duba aiki ya taɓa dawo mini da littafina don na rubuta "yara za su sani", wai Bloom ya hana. Amma batun 98 ɗin nan, ina yin lesin da yamma, yara uku ne a gabana. Suna ci gaba, alhamdulillahi, amma ban taɓa ganin na ashirin a aji ya koma na ɗaya don ya zauna da ni wata guda ba.

Dakta: Malama ta taɓo inda gizo ke saƙar. Lambar tana nan a takardar 1984, ba sharri aka yi masa ba, shi ya kira ta matsalar sigma biyu. Sigma ma'aunin tazara ne tsakanin makin yara. Biyu daga ciki shi ne ya ba da 98 ɗin. Amma daga ina ta fito? Daga kundin digirin dakta na ɗalibansa biyu, Joanne Anania da Arthur Burke. Yaran aji huɗu, biyar da takwas ne, darasi goma sha ɗaya cikin mako uku, kan lissafin yiwuwar faruwar abu da kuma zanen taswira. Abubuwa ne da yaran ba su taɓa karantawa ba, jarrabawar kuma an tsara ta ne kan abin da aka koyar ɗin kawai. Mako uku fa, ƙanena. Bai kai rubu'in zango ba.

Ɗan NCE: To Dakta, ko mako uku ne ai sakamako ya fito. Gani ya kori ji.

Dakta: Ya fito, amma da waɗansu suka sake aunawa ba su same shi ba. Kurt VanLehn ya tattara binciken da aka yi a 2011, ya sami sigma 0.79 maimakon biyu. A 2020 Nickow da Oreopoulos da Quan sun haɗa gwaje-gwaje 96 waɗanda aka raba yara a cikinsu ta hanyar ƙuri'a, suka sami sigma 0.37. Ma'ana yaron da ke tsakiya zai wuce kusan 64 cikin 100. Riba ce mai kyau, da wuya a sami wata dabara a makaranta da ta kai haka. Amma tsakanin 64 da 98 akwai tafiya. Kuma VanLehn ya lura da wani abu: a binciken Anania, yaron da ke da malami nasa ba ya wucewa gaba sai ya ci 90 cikin 100, 'yan ajin ƙwarewa kuwa, wato ajin da ba a wucewa gaba sai an iya, 80 aka sa musu, 'yan aji na yau da kullum babu sharaɗi ko kaɗan. Ka ga ba malamin kaɗai ake aunawa ba.

Baba Hedimasta: Ku yaran zamani da son rushe manya. Dakta, mutumin nan an haife shi 1913, ya rasu 1999, yau shekara nawa amma ba kwalejin horar da malamai da ba a ambaton sunansa. Ɗauko katin sakamakon jikanka ka duba: ga maki, ga sashen ɗabi'a, ga sashen aikin hannu. Wa ya kawo wannan rabo uku? Littafinsa na 1964 kan yadda basira ke ginuwa a shekarun farko yana cikin hujjojin da aka kafa lokacin da Amurka ta buɗe shirin yara ƙanana na Head Start a 1965. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar IEA mai gwada ɗaliban ƙasashe. Don lamba ɗaya ta kumbura sai a zubar da mutum?

Dakta: Ranka ya daɗe Baba, ban zubar da shi ba, wane ni. Amma tunda ka kawo katin sakamako, bari in ƙara ɓata maka rai kaɗan. Matakan koyo guda shida da ake danganta masa, daga sani zuwa auna darajar abu, waɗanda suka fito a littafin 1956, ba bincike ba ne, kuma ba shi kaɗai ya rubuta ba. Kwamitin masu shirya jarrabawar jami'o'i ne, sun fara tattaunawa a Boston a 1948, suna son harshe ɗaya da za su riƙa musayar tambayoyi da shi. Shi ne edita, tare da Engelhart, Furst, Hill da Krathwohl. Kashi na ɗabi'a ya fito 1964, Krathwohl ne a gaba. Na aikin hannu kuwa kwamitin bai taɓa fitar da shi ba, wasu ne irin su Simpson da Harrow suka yi nasu a 1972. Dalar matakan nan da ake zanawa a allo, sani a ƙasa kamar abin raini, ba ta cikin littafin.

Malamar Lissafi: Innalillahi. Ashe mai duba aikin nan gishiri ya ƙara.

Baba Hedimasta: To ai wanda ya tara mutane ya sa suka yi aikin da ya wuce shekara sittin ana mora, shi ma ya yi aiki. Tsohon ɗalibinsa Lorin Anderson ya sabunta matakan a 2001 tare da Krathwohl, ƙirƙira ta koma sama. Abin da ba shi da amfani ba a yi masa kwaskwarima.

Alaramma: Ku gafarce ni, ni ban yi boko mai zurfi ba, amma ina bin ku. Dakta ya ce yaro ba ya wucewa sai ya iya. To wannan ai shi ne allo. Kolo ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam ba gargada. In ya kasa ya koma ya maimaita, ba ƙari. Yara hamsin a gindin bishiya, kowa da inda yake, wannan yana Amma wancan yana Tabaraka. Malam ba zai iya sauraron kowa ba, sai gardawa su taya shi. Mene ne sabo a abin da Baturen ya kawo?

Dakta: Allah ya gafarta Malam, ka shigo da mafi ƙarfin abin da Bloom ya faɗa. A 1968 ya rubuta kan koyo har a ƙware, ya gina a kan aikin John Carroll na 1963, wanda ya ce abin da muke kira hazaƙa shi ne yawan lokacin da yaro ke buƙata. Bloom ya ce fiye da 90 cikin 100 na yara za su iya abin da ake koya musu in aka ba su lokaci da gyara. Hanyar: koyar da ɗan yanki, yi ƙaramin gwaji da ba na maki ba, gyara wa waɗanda suka faɗi, sake gwadawa, sannan a wuce. Tsangaya ta kafe kan iyawa ta saki lokaci, shi ya sa wani zai sauke a shekara huɗu wani a goma. Boko ta kafe kan lokaci ta saki iyawa. Zango ya ƙare, kowa ya wuce.

Malamar Lissafi: Nan ne nake rabuwa da ku duka. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya yara 35 a firamare. Ni 94 ne a rajistata. In na tsaya gyara wa waɗanda ba su iya rabawa ba, masu iyawa su zauna suna kallon silin? Ga manhaja tana kora ta, ga jarrabawar ƙarshen zango da ba ni na tsara ba.

Dakta: Wannan tambayar Robert Slavin ya yi a 1987. Ya duba gwaje-gwajen da suka kai mako huɗu ko fiye, ya ga a jarrabawar gama-gari hanyar ba ta nuna wani bambanci ba, sai dai ɗan kaɗan a wadda masu binciken suka shirya da kansu. Su Kulik a 1990 sun haɗa bincike 108 suka sami kusan rabin sigma. Har yau ana ja.

Ɗan NCE: To amma yanzu ga ƙirƙirarriyar basira. Sal Khan, wanda ya kafa dandalin karatu ta intanet na Khan Academy, ya nuna zanen sigma biyu na Bloom a jawabinsa na taron TED a 2023, ya ce kowane yaro zai sami malami a waya.

Malamar Lissafi: Mai tallan kaya ai lambar da ta fi girma zai ɗauko, ƙanena.

Baba Hedimasta: Ku dai karanta takardar 1984 ɗin da kyau. Mutumin da kansa ya ce malami ga kowane yaro ya fi ƙarfin aljihun al'umma, shi ya sa ya kira abin matsala: a nemo hanyar da aji zai kai wurin. Ba cewa ya yi a rufe aji ba. Lakcaranka rabin zance ya ba ka, ɗana.

Alaramma: Malama, cikin 94 ɗin nan ba ki da gardawa ko goma?

Malamar Lissafi: Akwai kamar goma sha biyu da suka iya rabawa sosai. Ranar Litinin zan ba kowannensu yara shida ko bakwai na minti ashirin, in sake gwada su Alhamis. Amma in mai duba aiki ya shigo ya ga ajin ya zama kasuwar Kurmi, Allah ya gafarta Malam, lambarka zan ba shi.